Cokalin Barau

Barau ɗan Inuwa, mazaunin Talata Mafara, ya zalunci gwaggonsa Hindu, ƙanwar ubansa, wadda ta goya shi tun yana jan majina. Kayan aikin zaluncin nasa guda uku ne: cokalin shayi, da tocila mai batir biyu, da rabin maganar da ya tsinto a kasuwa.

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya taru ya haɗiye ƙauyensu a ƙasar Maradun, Gwaggo Hindu ta iso gidan Barau da tabarma, da tukunya, da jikarta Nagode, marainiya 'yar shekara shida, wadda ita kaɗai ta rage mata cikin zuriyarta. Barau ya ba su ɗakin da ke kusa da rumbu, ya kuma tabbatar duk unguwa ta ji cewa ya ba su. Tsohuwa da jika tabarma ɗaya suke kwana, kuma yarinyar ba ta barci sai ta damƙe bakin zanen kakarta.

Shi Barau ya taɓa yin gadi a wani shagon magani na ɗan lokaci, har aka sallame shi saboda barci. Tun daga nan in zai yi magana sai ya fara da "mu ma'aikatan lahiya." A zaurensa kuwa samarin aikin madatsar ne ke kwana, na Kaya da na Janbako da na Bakura da waɗanda ba a ma san garinsu ba, a cushe kamar buhunan gero, taga ɗaya ita ma an toshe ta da kwali. Barau yana ji da su ƙwarai, domin a cikinsu akwai Nasidi direban tifa, mai ɗaukarsa a gidan gaba zuwa kasuwa, ya fito da gwiwar hannu ta taga yana gaida mutane.

Bazara ta shigo da zafinta, sankarau ya biyo ta. Aka binne yara biyu a unguwar gaba. Ranar wata Talata motar lafiya ta tsaya a bakin kasuwa da lasifika ana yi wa jama'a bayani. Barau ya iso an riga an fara, ya kuma tafi ba a gama ba, saboda Nasidi ya danna masa ham. Abu uku ya shiga kunnensa. An ce akwai masu ɗauke da ƙwayar cutar a maƙogwaro alhali lafiyarsu ƙalau. An ce abin ya danganta da shekaru. An ce kuma wani gari ya fi wani. Sauran bayanin sai ya cika shi da kansa a gidan gaban tifa.

Washegari da safe Gwaggo Hindu tana zaune tana gyaran ganyen zogale sai ta ji Barau yana kiran kowa ya fito ya yi layi. Ya naɗe hancinsa da bakinsa da rawani, tocila a hannun hagu, cokali a hannun dama. Da samarin zaure ya fara, don tifa na jiransu. Kowa ya buɗe baki, ya danna masa gindin cokali a kan harshe har sai ya yi kakari, ya haska, ya ce "Wuce," ya goge cokalin a hannun rigarsa. Daga nan ya bi 'ya'yansa, ya bi matarsa Taiba, ya bi Nagode. Sannan ya tsaya a kan tsohuwar.

"Gwaggo, buɗe baki."

"In buɗe in ce mi?"

"Ki ce aaa."

"Ni da na san Fatiha, sai in zauna ina kukan akuya gaban jikoki? Kuma ka ja wanga cokali can. Abin da ya shiga bakin ƙattin ga ba shi shiga nawa."

"To tocila kaɗai."

Don a zauna lafiya ta buɗe. Barau ya leƙa, ya yi tsalle da baya har ya taka kwanon zogale.

"Innalillahi! Ja wur!"

"Goro na, ɗan nema," in ji ta. "Kai da hannunka ka ba ni shi jiya."

"Goro ga haƙora shike tsayawa, Gwaggo. Wanga jan ya wuce har ƙasa."

"To in na haɗe ina kake so shi bi? Ta kunne?"

Samarin suka tuntsire da dariya, amma Barau ya ɗaga cokali aka yi shiru. Ya fara ƙirga hujjoji da yatsu. "An ce abin shina bin shekaru. Wa ya hi Gwaggo shekaru gidan ga? An ce shina bin gari. Wa ya zo muna daga wani gari?"

"Su waɗanga na zaurenka daga cikin randa sunka hito?"

"Ki dubi ƙirjin Nasidi, Gwaggo. Cuta ba ta zama inda ƙarhi yake."

"Nagode fa? Ba gari guda munka taso ba?"

"Yarinya ta. Maƙoshinta sabo na, ba shi riƙe datti."

Kafin azahar an mayar da tabarmar Gwaggo Hindu bayan danga, cikin wata rumfa ta tsofaffin kwanon rufi inda Barau ke ajiye harawar awaki. Da ta kama hannun Nagode za su fita tare, Barau ya tare ƙofa da gora. Yarinya za ta zauna cikin gida wajen Taiba, in ji shi, don a ceci ranta. Nagode ta yi ta ihu tana riƙe da zanen kakarta sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Barau ya ɗebo toka ya ja layi a ƙasa nesa kaɗan da danga, ya ce duk ɗan da ya tsallake shi zai sha bulala.

Tsohuwar ta yi zaton haukan na yini ɗaya ne. Ta san Barau tun yana yaro, in ya ɗauko abu da zafi yakan yar da shi kafin tuwon dare. Wannan karon bai yar ba.

Abinci a kan faifai ake miƙo mata, an ɗaure faifan a bakin doguwar gora, Taiba tana tsaye daga can bayan layin toka tana turowa ta saman danga. In fura ce, rabi ta zube a hanya. In tuwo ne, akuyar Barau ta riga ta gane lokacin, tana tsaye da ƙafa biyu tana jira. Gwaggo Hindu takan ci abin da akuya ta yafe mata.

"Taiba, ke ma kin yarda da wanga shirme?" ta tambaya wata rana.

"Gwaggo, ni mi zan ce? Malam ya yi aikin magani."

"Gadi ya yi. Barci ya yi bakin ƙohwar magani."

"To ai ko warin ya shaƙa, Gwaggo. Ki yi haƙuri, ba don kanmu ba, don yaran ga na." Ta ja gorarta ta koma.

Da rana ta take, kwanon rufi yakan yi zafin da ƙadangare ma ba ya hawa. Tsohuwar takan jiƙa zane da ruwan buta ta lulluɓa, kafin ta gama tasbihi ya bushe. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya. Zoben azurfar da ya shekara bai motsa daga yatsanta ba ya fara zamewa da kansa. Ta yanke shawarar barin goro ɗungurum, ita da ta fi son goro da nama, don jan ya tafi Barau ya rasa abin faɗa. Da ta tabbata bakinta ya wanke, ta ƙwala masa kira.

"Zo ka leƙa. Na bar goron."

Barau ya tsaya bayan toka, rawani a hanci. "Daga nan ba ni gani, Gwaggo."

"To matso."

"In matso in kwaso? Iyali gare ni. Kuma ba a duba na gaskiya sai da cokali, ke ko kin ƙi cokali. Ko kin yarda ma, guda ɗai gare ni, ba ni ɓata shi."

Rashin goro ya saukar mata da ciwon kai. Ta yi kuskuren faɗa wa Taiba, ko za a taimaka mata da ɗan ɓari. Ba a jima ba ta jiyo muryar Barau a zaure yana gaya wa samari: "Kun ji? Ciwon kai! Ita ta alama ta hwarko." Rufin rumfar gajere ne, ba ta iya miƙewa a ciki sai a sunkuye, don haka wuyanta ya riƙe. Barau ya hango ta tana juyowa gaba ɗaya da kafaɗa don ta kori akuya, ya tafa hannu. "Alama ta biyu! Allah na gode maka da na yi karatu."

Abin da ke riƙe da ranta shi ne safiya. Kullum bayan an gama layin cokali Nagode takan zo ta tsuguna daidai bakin toka, yatsun ƙafarta suna taɓa layin, ita kuma kakar ta sa ido a wata kafa ta danga.

"Kaka, yaushe za ki warke?"

"Lahiyata lau, 'yar nan. Babanku Barau na ba shi da lahiya, shi ko ba a gano maganinshi ba tukuna. Kin ci abinci?"

"Na ci. Ba ni iya kwana, Kaka. Inna Taiba ba ta son a riƙe mata zane."

Tsohuwar ta yage bakin zanenta ta ƙulla a tsakuwa ta jefa mata. Barau ya gani, ya sa aka ɗauke ƙyallen da sanda aka ƙone.

Maganar ta kai kunnen mai unguwa Bube, dattijo mai son a ce yana da adalci. Ya zo da sandarsa don ya tsawata. Gwaggo Hindu ta ji sallamarsa ta yi hamdala, ta kasa kunne.

"Barau, an kwana lahiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya zahin ga?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe. Zahi lokacinshi na. Ya jama'a? Ya haƙuri da mu?"

Aka gaida gona, aka gaida dabbobi, aka gaida yara da manya, sannan Bube ya gyara murya. "An ce ka aje gwaggonka wurin awaki."

"Ranka shi daɗe, ƙauna ta sa. Da ban ƙaunarta da na bar ta ta kashe jikarta da numfashi. Ni na san abin da nike ji cikin raina in na hango ta. Tuwo ma ba ni iya ci sosai." Yana faɗa yana suɗe miyar da ta rage a yatsansa. "Kai kanka, ranka shi daɗe, shekarun sun ɗan ja. An taɓa duba ka?"

Bube ya taɓa maƙogwaronsa. Ba a daɗe ba Gwaggo Hindu ta jiyo mai unguwa guda yana cewa "aaa," sannan yana kakari.

"Fes!" in ji Barau. "Kamar na ɗan shekara ashirin."

Bube ya fita yana murmushi yana dogara sanda da ƙarfi, ya manta sam da abin da ya kawo shi. A hanya ya gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa an duba shi an same shi fes.

Daga ranar layin cokali ya fita daga cikin gida ya kai bakin titi. Iyaye suka riƙa turo 'ya'yansu da sassafe, wani da ƙwai, wani da ɗan goro. Aka fara kiransa Barau Likita, wasu da gaske, wasu da dariya, shi kuwa duka yana amsawa. Tsarinsa bai canza ba. Samarin zaure ne farko don kada tifa ta bar su, sai yaran gida, sai yaran unguwa. Cokali ya fito daga wannan baki da yawunsa, a shafa shi a hannun riga, ya shiga na gaba. Wanda ya yi tari, Barau ya juya masa kai wajen na bayansa don kada ya fesa wa likita.

Gwaggo Hindu tana kallon duk wannan ta kafar danga. Ba ta san ƙwayar cuta ba, amma ta san ƙazanta.

"Barau! Ko wanzami shina ɗauraye askarshi! Bakin ƙato, bakin jinjiri, cokali guda?"

"Ku yi haƙuri da ita," ya ce wa iyayen yara. "In abin ya hau kai haka suke surutu. Alama ta ukku."

Ranar wata Talata aka gama layi, yara suka watse, Nagode ba ta zo bakin toka ba. Tsohuwar ta jira har inuwar danga ta janye daga ƙafafunta. Ta kira sunan yarinyar, ba amsa. Da Taiba ta zo da gora, faifan ya kife mata tun kafin ya haye danga.

"Ina Nagode?"

"Tana kwance, Gwaggo. Jikinta kamar garwashi. Ta yi amai. Ba ta son haske, kuma in na taɓa wuyanta sai ta yi ƙara."

"An kai ta asibiti?"

"Malam ya ce shi zai duba ta. Ya ce in anka ga an hitar da marar lahiya daga gidan likita mutane za su yi magana. Ya ce iska ta kwaso daga wurinki ta kahwar danga."

Gwaggo Hindu ta ɗaura zanenta tamau, ta jingina kafaɗa da dangar karan dawa ta tura. Dangar ta daɗe tana neman dalilin faɗuwa, ta kwanta gaba ɗaya. Tsohuwar ta taka ta, ta taka layin toka, akuya na biye da ita, ta shiga ɗakin Taiba. Ta tarar da Barau tsaye nesa da tabarma yana haska yarinyar da tocila, ita kuma tana kare idonta da hannu tana nishi. Ta ture shi gefe, ta sunkuya, ta ɗora Nagode a baya ta ɗaure.

"Gwaggo! Kin ƙetare toka!"

"Matsa ko in yi maka numfashi."

Barau ya matsa da sauri har ya buge kansa da ƙyaure.

Hanyar asibiti ta tsakiyar kasuwa ta bi, ranar kuwa kasuwa ta cika maƙil, jakuna da kekuna da amalanke da motocin kamfanin madatsa, ko ƙato sai ya yi ta turereniya kafin ya ratsa. Tsohuwar ta hango cunkoson ta tsaya tana neman ta inda za ta kutsa, ga yunwa da zaman wuri ɗaya sun cinye mata ƙarfi. Sai ga Barau ya sheƙo da gudu ya wuce ta, rawani a hanci, yana ɗaga cokali sama.

"Ku kauce! Ku kauce, jama'a! Mai sankarau ta! Ta tsere! Kada wanda ya bari ta yi mai numfashi!"

Kasuwa ta tsage biyu. Mai tsire ya bar tukubarsa, masu awo suka haye buhunansu, wani mai keke ya faɗa cikin tulunan sayarwa. Hanya ta buɗe fetal kamar an share. Gwaggo Hindu ta bi tsakiya tana sauri, Barau na gaba yana yi mata shela. Da suka isa asibiti, layin masu jiran magani ya kai bakin ƙofa. Barau ya sake ƙwala ihunsa, kafin ka ce me benci ya zama babu kowa. Tsohuwar ta zarce har gaban teburin ma'aikaciyar jinya, wata mace mai suna Malama Suwaiba, ta kwance goyo.

Malama Suwaiba ta taɓa wuyan yarinyar sau ɗaya ta ƙwala wa likita kira. Nan take aka shiga da ita aka fara allura. Da abin ya ɗan lafa ta fito ta ce wa tsohuwar, "Iya, da kin ƙara jinkiri da ba wannan maganar muke ba. Ya aka yi kika ratso kasuwa da sauri haka?"

"Ɗan ɗan'uwana ya rako ni," in ji Gwaggo Hindu. "Karo na hwarko ke nan da bakinshi ya yi amfani."

A lokacin akwai wata tawagar masu bincike da ke yawo tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, suna shafo maƙogwaron mutane don su ga inda ƙwayar ta fi zama. Da suka ji labarin gidan da samari ke cushe a zaure, suka zo da akwatin ƙanƙara, Malama Suwaiba na yi musu jagora. Barau ya tarbe su da fara'a irin ta abokan aiki, ya shimfiɗa musu tabarmar baƙi. Gwaggo Hindu ta dawo ɗaukar tukunyarta, aka ce ita ma ta zauna a shafa. Ta ga kowane mutum ana fito masa da sabon tsinke mai auduga a kai, a shafa, a jefa a kwalba a rufe. Sai ta buɗe baki ba gardama.

Barau dai ya kasa haƙuri. "Malama, wagga ɓarna ta. Kowa da nashi tsinke? Ni cokali guda ya ishe ni unguwa duka."

Malama Suwaiba ta dakata da tsinke a hannu. "Wane cokali?"

Ya zaro shi daga aljihu yana alfahari, ya kwatanta musu yadda yake yi, wa ke farko, wa ke bi, har da shafawar hannun riga. Babban tawagar ya cire tabarau ya zauna a kan akwatin ƙanƙara. Suka ce a tara musu duk wanda cokalin ya taɓa shiga bakinsa, yaro ko babba.

Da sakamako ya fito, a ƙofar gidan mai unguwa Bube aka tara jama'a. Gwaggo Hindu ta baro Nagode tana barci a asibiti ta zo ta zauna a gefe, an ba ta goro tana ci a fili. Malama Suwaiba ce ta yi bayani.

"Gaskiya ne mutum yana iya ɗauke da ƙwayar nan a maƙogwaro yana yawonsa lafiya. Amma ba a ganinta da ido, ko da tocilar mota ce. Gaskiya ne tana bin shekaru. A duk inda muka duba, yara masu tasowa da samari ne suka fi ɗaukarta, musamman masu kwana a cunkushe. Tsofaffi su ne ƙarshe. Maganar gari kuwa, bana ƙauyukan Maradun da muka shiga kaɗan muka samu, Bakura ta ɗan fi su, nan cikin Mafara ya fi yawa. Baɗi yana iya juyawa. Ba halin mutanen wani gari ba ne."

"To gidan Barau fa?" in ji Bube.

"Samarin zaure fiye da rabinsu suna da ita. Yaran da ke shiga layi kuwa, ba mu ga unguwar da ta kai su ba a duk yawonmu. Ba za mu rantse cewa cokali kaɗai ne ba, amma wanda ya so ya raba wa yara cuta da gangan ba zai samo dabarar da ta fi wannan ba. Kai ma, mai unguwa, sai ka zo a ba ka magani."

Bube ya dafe maƙogwaro. "Ni da anka ce fes?"

"Iya Hindu ba ta da komai. Malam Barau ma ba shi da komai."

Barau ya miƙe zumbur yana washe baki. "Kun ji! Jama'a kun ji da kunnenku! An duba ni, ba ni da komi!"

Wani mai suna Ɗantani, wanda ɗansa ke kwance a gadon da ke kusa da na Nagode, ya tashi a hankali. "Barau, tsaya. Duk kwanakin ga da kake cusa wa ɗiyanmu cokali, sau nawa ka sa shi naka baki?"

Barau ya dubi jama'a. "Ni? Cokalin da ya shiga bakin kowa?"

Sai da maganar ta fita ya ji ta. Jama'a suka taso masa, da ba don Bube ya gitta sandarsa ba, da a nan aka gama shari'ar.

Haka gidaje da yawa suke yi in tsoro ya shigo. Maigida ba ya duba inda haɗarin yake, yana duba wanda ba shi da mai tsaya masa ne. Barau bai taɓa zargin zaure ba, domin a zaure akwai mai tifa. Tsohuwar da ruwa ya cinye wa gida ba ta da inda za ta kai ƙara, shi ya sa jan goro ya ishe shi hujja. Taiba ta san ba daidai ba ne ta ci gaba da tura gora. Bube ya zo da gaskiya a bakinsa ya musanya ta da yabo. Kowannensu yana da uzuri, kuma yarinya 'yar shekara shida ce ta ɗauki nauyin uzurin nasu.

Nagode ta tashi, amma kunnenta na hagu bai ƙara ji ba. Ranar da aka sallame su Barau ya aiko Taiba ta ce an share ɗakin kusa da rumbu, har an yi sabon daɓe. Gwaggo Hindu ta ce a gaishe shi. Ta kama hannun jikarta, suka hau motar Damri, inda wata 'yar ƙanenta mai suna Husaina ke aure.

Ɗantani da iyayen sauran yaran suka kai ƙara. Alƙali ya sami Barau da laifin yin aikin likita ba da izini ba da kuma cutar da mutanen da ke ƙarƙashinsa. Ya yanke masa bulala goma sha biyu a bainar jama'a da ɗaurin wata shida. An yi masa bulalar, ya kuma yi wata shidan cif.